Yadda ake auna fitar magana ta hanci ga ƙananan yara

Idan uwa ta ce ɗanta da hanci yake magana, abubuwa biyu ne masu karo da juna ke iya kasancewa a bayan zancen nata. Ko dai sauti na kwarara cikin hanci a inda bai kamata ba, ko kuma hancin ne ya toshe har sautin da ya kamata ya bi ta cikinsa ya rasa hanya. Na farko yakan ƙare a hannun likitan tiyata. Na biyu sau da yawa na likitan kunne, hanci da maƙogwaro ne, wani lokacin ma mura ce da za ta wuce da kanta. Akwai kuma yaron da jikinsa lafiya lau, furucin kawai ya koya a karkace. Amfanin awo shi ne a raba waɗannan, domin kowanne da hanyarsa. Mun rubuta wannan ne don ma'aikatan jinya, masu gyaran magana da malaman ƙananan azuzuwa a Sakkwato da kewaye, kuma mafi yawan abin da ke ciki ana iya yinsa ba tare da na'ura ba.

Abin da ake aunawa

Rufin baki kashi biyu ne. Na gaba mai ƙashi shi ne ganɗa, na baya mai taushi shi ne hanɗa, wadda beli ke reto a ƙarshenta. Lokacin magana hanɗa takan ɗaga ta manne da bangon maƙogwaro na baya, ta rufe hanyar hanci, sai iska da sauti su fito ta baki. A Hausa "m" da "n" ne kaɗai ke buƙatar ta sauka. Duk wanda ya yi karatun tajwidi ya san wannan, domin malami kan sa ɗalibi ya matse hancinsa ya ji yadda gunna ke yankewa. Irin wannan gwaji ne ginshiƙin aikin nan.

Abubuwa huɗu ake saurare, kuma kowanne da gurbinsa a takarda.

Yawan amon hanci. A kan wasula ake jinsa, musamman "i" da "u". Idan ya yi tsanani "b" kan koma kamar "m", "d" kamar "n".

Ƙarancin amon hanci. Kishiyar na farko ke nan: "mama" ta fito kamar "baba", "nono" kamar "dodo".

Tsiyayar iska ta hanci. Wannan iska ce ba amo ba, kuma a kan baƙaƙen da ke buƙatar a tara iska cikin baki take fitowa: b, t, d, k, g, s, sh, z, c, j, ts, ƙ. Wani lokaci ana jin ta, wani lokaci shiru take fita.

Sauya wurin furuci. Yaron da iska ba ta taruwa masa a baki yakan koma ya tare ta can cikin maƙogwaro, sai "kaka" ta zama "a'a", "buta" ta zama "u'a". A yi hattara a nan, domin hamza baƙi ce ta asali a Hausa. Wadda ke cikin "sa'a" ko "jama'a" daidai take. Abin lura shi ne inda ta maye gurbin wani baƙi.

Wane yaro, kuma yaushe

Awo mai inganci yana son yaron da ke haɗa kalmomi yana kuma maimaita abin da aka faɗa masa, wato daga wajen shekara 3. Wanda bai kai ba, a saurari gwarancinsa: idan ya shekara ɗaya da rabi ba a taɓa jin "ba", "da" ko "ga" daga bakinsa ba, sai "ma" da "na" da wasula, wannan kaɗai ya isa a duba rufin bakinsa da jinsa.

Kada a auna yaro yana mura. Toshewar hanci na rufe matsalar hanɗa, sai yaron da iska ke tsere masa ya fito kamar lafiyayye. A hunturun Sakkwato, daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙura kan sa yara da yawa yini da hanci a cushe, don haka idan da hali a ɗage zuwa mako biyu bayan murar ta wuce. Idan babu hali, a sa ya fyace, a ɗiga ruwan gishiri na wanke hanci, a jira minti 10, sannan a rubuta a takarda cewa an auna shi yana mura.

Kafin a fara, a tambayi mahaifiya ko kaka. Yana jariri nono na fito masa ta hanci? Yana wahalar tsotso? An yi masa tiyatar tsagewar leɓe ko ganɗa, yana da wata nawa? Yana minshari, yana barci baki buɗe? Kunnensa na ruwa? An taɓa cire masa naman da ke tsirowa bayan hanci, wanda likitoci ke kira adinoyid? Ya taɓa yin cutar noma, mai zaizayar baki? Sai tambayar da ba za a tsallake ba a ƙasar Hausa: an cire masa beli?

Kayan aiki

Ƙaramin madubi, tocila mai haske sosai, katakon danne harshe, safar hannu, siririn bututun roba mai laushi tsawon santimita 40 zuwa 50, sifirit da auduga, waya mai ɗaukar murya, da 'yan kayan da yaro ya saba gani: buta, kofi, sabulu, cokali, takalmi. A kashe fanka, a nemi ɗakin da ƙarar janareta ba ta kai wa.

Maganar da za a sa yaro ya faɗa

A nan ne aka fi yin kuskure. Ba a auna amon hanci da kowace irin magana. Ana buƙatar jimlolin da babu "m" ko "n" a cikinsu ko ɗaya, domin duk amon hancin da aka ji a kansu daga matsala ya fito. Hausa na da wahala a wannan fanni saboda "n" ta mallaka da "na" da "ne" sun cika ta. "Gidan Baba ne" ba ta da amfani. Amma Hausa ta ba da wani sauƙi: ƙirga daga ɗaya zuwa tara babu ɗan hanci, wato "m" ko "n", ko guda. Sai an kai goma ake cin karo da "m". Saboda haka a sa yaro ya ƙirga ya tsaya a tara, sau biyu.

Sai jimloli, kowace na gwada wuri guda a baki:

Baba ya ba Bala buta. (leɓɓa)
Talatu ta tuƙa tuwo. (kan harshe)
Kaka ta ga kaza a kasuwa. (bayan harshe)
Shatu ta sha shayi. Asabe ta sayi sabulu. (masu zuzar iska)
Biri ya ci gishiri. (wasalin "i")
Ɓera ya shiga ɗaki. Tsoho ya tsaya.

Don gwada toshewar hanci kuwa, a cika jimla da 'yan hanci: Mama na neman nono. Inna na nan, Nana na nan.

Yaron da bai iya jimla ba ya yi gaɓoɓi: ba-ba-ba, bi-bi-bi, ta-ta-ta, ti-ti-ti, ka-ka-ka, ki-ki-ki, sa-sa-sa, si-si-si, ma-ma-ma. Kowace gaɓa sau shida zuwa takwas a jere.

Karin harshe ba ciwo ba ne. Ɗan Sakkwato zai ce "hwari", "tahi", "biyat", "shidda", kuma daidai ya faɗa. Shi ya sa "f" ba ta da kyau wajen gwaji a nan. Ma'aikacin da ya zo daga Kano ko Zariya ya fara sauraren uwar yaron kafin ya yanke hukunci a kan ɗanta.

Ƙiwa ma tana ɓata awo. Yaro mai tarbiyya yakan sunkuyar da kai ya yi ƙasa da murya gaban babba, kuma magana ƙasa-ƙasa ba ta nuna ainihin aikin hanɗa. A zaunar da shi a cinyar wanda ya saba da shi. Idan uwa na jin nauyi, musamman a kan ɗan fari, a bar yayarsa ko kakarsa ta riƙa faɗa yana maimaitawa. A fara da wasa: "Ɗan Baba, mece ce wannan?" ana nuna buta.

Mataki na farko: kunne

A ajiye waya santimita 20 zuwa 30 daga bakin yaro, a ɗan karkace don iska kada ta bugi makirfo, bayan an nemi izinin iyaye. A ɗauki ƙirga, jimloli, gaɓoɓi, da hira ta minti biyu. Hira na da muhimmanci domin akwai yaron da hanɗarsa ke rufewa a kalma guda amma ta gaji a doguwar magana.

A ba yawan amon hanci maki kamar haka: 0, babu. 1, ana jinsa a kan "i" da "u" kawai. 2, ana jinsa a kan duk wasula. 3, ya mamaye wasula, baƙaƙe sun yi rauni, baƙo ba ya gane maganar. Ƙarancin amon hanci da tsiyayar iska a rubuta akwai ko babu, kullum ko jefi-jefi. Mutum biyu su saurara kowa shi kaɗai, sannan su gwama maki. Kunne na sabawa da muryar yaro cikin 'yan mintuna, wanda ya daɗe tare da shi yakan rage masa maki bai sani ba.

Mataki na biyu: matse hanci

Yaro ya ja "iiii" ko ya yi ta "a-i-a-i", ana matse masa hanci a hankali ana saki. Idan hanɗa na rufewa, sautin ba zai canza ba. Idan ya canza, ya dushe ko aka ji hancin na rawa tsakanin yatsu, sauti na shiga hanci. Sai a juya gwajin: ya yi "ma-ma-ma" a matse. A nan canji ake so. Idan "ma" ta zauna yadda take ko an matse ko ba a matse ba, hancin dama a toshe yake.

Mataki na uku: madubi

Da farko ya rufe baki ya yi numfashi a kan madubin, a ga ko ƙofofin hanci biyu duk suna fitar da tururi. Sannan ya fara "si-si-si" ko "Baba ya ba Bala buta". A kai madubin ƙarƙashin hanci bayan ya fara magana, a janye kafin ya gama. Idan aka bar shi har ƙarshe, numfashin da kowa ke saki bayan magana zai dusashe shi, a ɗora wa yaro matsalar da ba shi da ita.

Zafin Sakkwato na kashe wannan gwaji. Tururi ba ya kama madubin da ya fi numfashi ɗumi, kuma a bazara, da zafi ke haura digiri 40, madubin da ya yini a kan tebur ba zai nuna komai ba ko da iska na zuba. A tsoma shi cikin ruwan randa ko a sa a firji na ɗan lokaci, a goge ya bushe, mai awo ya gwada da nasa hancin, ya goge da sifirit, sannan a kai wa yaro. A hunturu kuma tururin na bajewa nan take saboda bushewar iska, sai ido ya tsaya a kan madubin. Madubi iska kawai yake nunawa, ba ya auna amo.

Mataki na huɗu: bututun saurare

Wannan ya fi madubi aminci, ba ruwansa da zafi. A ɗora baki ɗaya na bututun a ƙofar hancin yaro, ba a cusa ciki ba, ɗayan a kusa da kunnen mai awo. Yaro ya maimaita jimlolin da babu ɗan hanci. Lafiyayye ba a jin komai sai amo daga nesa. Idan hanɗa ba ta rufewa, sautin zai zo da ƙarfi, ana jin bugun iska a kan kowane baƙi. A gwada ƙofofin biyu, a rubuta baƙaƙen da iska ta fito a kansu ɗaya bayan ɗaya, domin wannan jerin ne zai yi jagora daga baya. A wanke bututun a goge da sifirit tsakanin yaro da yaro.

Ƙarar iska na yaudara. Ƙaramar kafa tsakanin hanɗa da bangon maƙogwaro ce ke yin gurnani mai ƙarfi a bayan hanci, domin iska na matsuwa tana kaɗa majina. Babbar kafa iska na wucewa shiru, sai dai baƙaƙe su yi laushi, yaro ya riƙa yanke jimla yana jan numfashi, wani lokaci yana yamutsa hanci. Mai shirun ya fi mai gurnanin buƙatar gaggawa.

Mataki na biyar: duba baki

Ya buɗe baki ya zaro harshe ya ce "aaa", a haska. A duba ko hanɗa na ɗagawa, ko ɓangarorin biyu na tashi daidai, ko akwai ƙaramar huda da ta rage a ganɗa bayan tiyata, da girman tonsil, wato naman da ke gefe biyu na maƙogwaro. Akwai tsagewar rufin baki da fata ke lulluɓewa, ba a ganinta farat ɗaya. Alamunta uku ne: beli mai rassa biyu, siririn layi mai shuɗi-shuɗi a tsakiyar hanɗa, da ɗan gibi a ƙarshen ƙashin ganɗa wanda ake ji da yatsa cikin safar hannu.

Idan wanzami ya riga ya cire beli, alamar farko ta tafi, sai a dogara da sauran biyun. A kuma duba tabo, domin idan aska ta ci cikin hanɗa tabon kan janye ta ya rage mata motsi. A gaya wa iyaye a fili cewa cire beli ba ya gyara maganar hanci, yana iya ƙara ta, ga zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta.

Ido ba ya ganin inda rufewar ke faruwa, domin wurin yana sama da inda baki ke nunawa. Hanɗa na iya ɗagawa da kyau a "aaa" amma ba ta kai bango ba. Kada a sallami yaro don bakinsa ya yi kyau a ido alhali kunne ya ji matsala.

Inda ake da na'ura

Na'urar Nasometer ta samo asali daga aikin Samuel Fletcher a Amurka cikin shekarun 1970. Faranti ne da ke zama a kan leɓen sama, da makirfo ɗaya a samansa na hanci, ɗaya a ƙasa na baki. Kwamfuta na raba ƙarfin sautin hanci da jimillar na hanci da na baki, ta ninka da 100. Idan hanci ya ba da 20 baki ya ba da 80, maki ya zama kashi 20.

A daidaita makirfo biyun yadda kamfani ya tsara kafin a fara. Yaro ya fyace. Farantin ya zauna miƙe sosai daga fuska, ya taɓa leɓe ba tare da ya danne shi ko ya tare ƙofar hanci ba. Idan ya karkata, sautin baki na tsallakawa sama ko na hanci ya sauko ƙasa. Yaron da aka ɗinke wa leɓe ko wanda noma ta bar wa tabo, a duba da kyau ko akwai rata tsakanin faranti da fata. A bar yaro ya taɓa na'urar, ya ga yayansa ya sa, kafin a ɗaura masa. A ɗauki kowace jimla sau biyu ko uku, a goge inda ya yi tari, dariya ko kuka.

Ƙa'idar da ake yawan bi a asibitocin masu jin Turanci ita ce: a maganar da babu ɗan hanci, ƙasa da kashi 20 lafiya, 20 zuwa 30 kaɗan, sama da 30 matsala bayyananniya. A jimlolin 'yan hanci, idan maki ya faɗo ƙasa da wajen 50 ana zaton toshewa. Waɗannan alƙaluma daga Turanci aka samo su, kuma maki na canzawa daga harshe zuwa harshe, har daga kari zuwa kari. Cibiyar da ta samu na'ura ta fara auna lafiyayyun yara 'yan gari, 20 ko 30 a kowane rukunin shekaru, da jimlolin Hausa guda ɗaya da ba za a riƙa sauyawa ba. A tuna "i" na ba da maki sama da "a" ko ga lafiyayye, don haka ba a gwama "bi-bi" da "ba-ba". Bambancin da bai wuce maki 5 ba tsakanin awo biyu yana iya zama na ɗaurin faranti ne kawai. Gurnanin ƙaramar kafa na kumbura maki, toshewar hanci na rage shi. Idan na'ura da kunne suka saɓa, a sake ɗaura farantin a maimaita, ba a jefar da abin da kunne ya ji ba.

Karanta sakamako

Amo a kan wasula tare da iska a kan duk baƙaƙen: hanɗa ba ta rufewa. Sanadin na iya zama tsagewa, gajartar hanɗa bayan tiyata, tabo, ko raunin jijiyoyi. Ko bayan an ɗinke ganɗa da kyau, wajen kashi 20 zuwa 30 na yara kan ci gaba da wannan matsala. A tura wa likitocin tiyata su leƙa ta hanci da siririyar kyamara yaro na magana. Hura balan-balan ko busa usur ba sa tsawaita hanɗa, kada a ɓata wa iyali shekara a kansu.

Iska a kan "s", "sh", "z" ko "ts" kaɗai, alhali "b", "t", "k" sun fito garau kuma wasula lafiya: koyo ne ya karkace. Wannan aikin mai gyaran magana ne, tiyata ba ta da abin yi a nan. Haka ma maye baƙaƙe da hamza, ko an yi tiyata sai an koya wa yaro wurin furuci.

Iska a kan "t", "d", "s" amma ba a kan "k" da "g" ba, ga huda a gaban ganɗa: hudar ce abin zargi.

Ƙarancin amo da minshari da barci baki buɗe: likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Amma idan an ga alamar ɓoyayyar tsagewa, a rubuta masa a fili, domin naman bayan hancin nan na iya zama shi ke taimaka wa hanɗa rufewa, cire shi gaba ɗaya zai buɗe kafar.

Kowane yaro daga cikin waɗannan a gwada jinsa. Masu tsagewar ganɗa ruwa na yawan taruwa musu a bayan dodon kunne, kuma wanda ba ya ji sosai ba ya iya daidaita muryarsa.

A cikin gari akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo mai sashen kunne, hanci da maƙogwaro. Akwai kuma Asibitin Yara na Noma da aka buɗe a 1999, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke taimakawa tun 2014, ga yaran da noma ta taɓa wa baki ko hanci. Takardar turawa ta ƙunshi shekarun yaro, tarihin tiyata da na beli, makin amon hanci da aka saurara, jerin baƙaƙen da iska ta fito a kansu, abin da aka gani a baki, da ko yana mura ranar awo.

Bayan tiyata ba a awo nan take, domin kumburi na toshe hanya ya sa a ɗauka an dace. A bari wata 3 zuwa 6, sannan a maimaita da jimlolin farko, tazarar waya guda, a saurari tsohuwar murya da sabuwa a jere. Yaron da aka ɗinke wa ganɗa a riƙa auna shi sau ɗaya a shekara har ya balaga, domin naman bayan hanci na shanyewa da girma, kafar da ta rufu yana shekara 4 tana iya buɗewa yana shekara 10.